Tabarmar Malam Kabo

Ajingi,
Litinin, 4 ga Nuwamba.

Zuwa ga Baffa Malam Uthman, Gaya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baffa gaisuwar 'ya ga mahaifi, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali da ɗalibai.

Baffa, ni ce Surayya, 'yar ƙaninka marigayi Abdurra'uf, wanda jama'a suka fi sani da Malam Kabo na fim. Na so in kira ka, sai Gwaggo Haulatu ta ce kunnenka ya yi nauyi, waya wahala take ba ka. Shi ya sa na rubuta na ba Yusuf direba.

Maganar aurena ce. Tun Abba yana da rai ya ba da ni ga Muntasir, ɗan Alhaji Bunu mai hatsi na nan Ajingi, aka sa rana Asabar ɗin ƙarshen wannan wata. Allah bai nufa zai gani ba. Yanzu Alhaji Bunu ya ce su a gidansu, tun kakanninsu na Barno, ba sa karɓar mace sai daga hannun dangin ubanta. Ya ce yarinya tana da baffa a Gaya, tafiyar da ko guzuri ba a yi mata, idan bai zo ba akwai dalili, kuma sai ya ji dalilin. In ba haka ba a ɗage rana. Baffa ya fi ni sanin cewa ranar da aka ɗage a kan irin wannan ba kasafai take dawowa ba.

Abokan aikin Abba sun ce za su tsaya mini. Har biyu daga cikinsu sun fara jayayya a kan wanda zai yi walicci, don kowannensu ya aurar da 'ya'ya a fim ba adadi. Na gode musu, amma ba na son waliyyin aro. Abba da kansa ya ɗaura aure a fim har ba na iya tunawa, nawa ne kaɗai bai samu ba.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba. Bai taɓa faɗa mana ba. In an ambace ka sai ya ce, "Yaya mutum ne mai ƙa'ida," ya kawo wata magana. An ce mini ka zo jana'iza, ka tsaya a sahun baya, ka raka shi maƙabarta, ka juya ba ka shigo gida ba. Ban rubuto don tone-tone ba. Roƙona kawai ka zo ka ba da aurena.

Mama tana gaisuwa. Allah ya ƙara girma da nisan kwana.

'Yarka,
Surayya Abdurra'uf.

*

Gaya,
Alhamis, 7 ga Nuwamba.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga Uthman ɗan Malam Bubayero zuwa ga Surayya. Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Bayan haka:

Takardarki ta iso. Allah ya jiƙan Abdurra'uf, ya ba ku haƙuri, ya sanya albarka a abin da kika nufa.

A ƙa'ida, idan waliyyi yana da uzuri, liman ko alƙali yana tsayawa a madadinsa. Aurenki zai ɗauru ko babu ni. Alhaji Bunu ya tambayi limamin garinku.

Tunda kin ce ba ki san dalili ba, kuma ke ba yarinya ba ce, ga shi a taƙaice. Mahaifinki tun yana ƙarami Allah ya ba shi ido da kunne. Ya ga mutum sau ɗaya, sai ya dawo gida da tafiyarsa da tarinsa. Sarkin fawa, duba-gari, mai tallar kananzir, duk sun shigo gidanmu ta bakinsa. Haddarsa ta fi tawa sauri, ba na rage masa wannan. Da ya zauna, da ya yi malanta. Sai ya shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta samarin Gaya, suna zaga ƙauyuka ranar kasuwa suna wasa a kan rigakafi da takin zamani. Baba bai hana shi ba, ni ma ban ce uffan ba.

Shekarar da Baba ya rasu, ba a jima da tashi daga zaman makoki ba, suka shirya wasa a filin firamare da ke bayan masallacinmu. Ya ɗauki rawanin Baba da sandarsa ba da sanina ba. Ina zaune a masallaci bayan la'asar ina jin dariya tana tsallako katanga, irin wadda ake riƙe ciki. Na fito na tambayi wani dattijo me ake yi, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ƙaninka ne ya fito a Malam sak." Mutumin da ko hoto bai yarda an ɗauke shi ba, shi aka kai fili kabarinsa bai bushe ba.

A ranar na rantse ba zan taka gidan da Abdurra'uf yake ba. Ya zo ya durƙusa ya ce in yafe masa, na ce ba ni ya yi wa ba. A ƙa'ida mutum haƙƙinsa yake yafewa, ba na wani ba, mai haƙƙin kuwa yana ƙasa. Ban yi gaba da shi ba, in mun haɗu ina amsa sallamarsa. Fim ɗinsa dai ban taɓa kallo ba, kuma na hana a ambace shi a zaurena.

Ba ki yi mini komai ba. Amma gidan da za a ɗaura auren gidansa ne, rantsuwata kuma tana nan.

Ki gai da mahaifiyarki. Wassalam.

*

Ajingi,
Litinin, 11 ga Nuwamba.

Zuwa ga Baffa.

Assalamu alaikum. Barka da war haka, ya ɗalibai? Na ga amsa, na kuma gode da Baffa bai bar ni a duhu ba. Ban nuna wa Alhaji Bunu ba tukuna. Muntasir ya ce in dakata, wai tsohon nasa in ya furta magana ba ya lashe ta. Na ce to ashe su biyu ne.

Ba zan sake roƙo ba. Amma tunda Baffa ya ba ni farkon labarin Abba, bari in ba shi ƙarshensa, don kada ya tsaya a filin firamare.

Daga Gaya Kano ya tafi. Ya yi wasan daɓe a makarantu da ɗakunan taro, ya shiga na talabijin, sannan da aka fara fim na kaset aka neme shi. Ya fito a direba, ya fito a maigari, ya fito a makaho har wata mata ta jefa masa sadaka a wurin ɗauka. Sau ɗaya ya fito a mugun dillali mai cin gonar marayu, aka yi wata guda masu fura a kasuwar Ajingi ba sa amsa gaisuwarsa. Wannan ya fi kowace kyauta faranta masa rai.

Amma Malam Kabo shi ya bi shi har kabari. Ni ban ga kakana ba, ban san daga inda Abba ya samo Malam Kabo ba sai da na karanta takardarka. Abin da na sani, in zai fito a Malam Kabo sai ya yi alwala, ba ya wasa da kowa a wurin, kuma ba ya yarda a sa wa Malam Kabo kalmar banza a baki. An taɓa tashi daga aiki saboda haka.

Abin da mutane suka fi riƙewa shi ne tabarma. In mutum biyu suka kawo ƙara, Malam Kabo ba ya sauraron kowa. Sai ya ce, "Ku je ku ɗauko mini tabarma in zauna. Kada ku naɗe ta, kowa ya kama gefe ɗaya." Ƙofar zaure ga ta ƙarama, tabarma ga ta a buɗe, dole wani ya ce ɗaga, wani ya ce karkata. Kafin su iso sun riga sun yi wa juna magana. Yanzu a nan, ko 'yan acaɓa suka kaure da faɗa a tasha za ka ji an ce a kawo musu tabarmar Malam Kabo. Ranar jana'iza wasu mutum biyu daga wajen Toranke suka ce wa Mama iyakar gonarsu da ita aka raba.

Da ciwo ya kwantar da shi ya dawo nan garin su Mama. Ba ya son a kunna fim ɗinsa a gabansa, sai na Malam Kabo, shi ma yana rage sauti, ya zuba ido kawai. Na zaci kansa yake kallo.

Iyakar abin da na sani ke nan. Na kai wa Gwaggo takardarka ta gani, ina fatan ban yi laifi ba.

Allah ya ja kwana.

Surayya.

*

Gaya,
Laraba, 13 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Haulatu, Toranke.

Assalamu alaikum. Ina gaida Yaya, ya aikin gyaɗa, ya ƙafar?

Tambaya ɗaya ce. Yarinyar nan ta rubuto mini maganar tabarma. Wannan aikin Baba ne, kuma a kaina ni da Abdurra'uf ya fara shi, ranar da muka yi faɗa a kan 'yar gayaunarmu ta bayan gida. Ke kaɗai kika rage a cikin waɗanda suka gani. Idan ke kika ba ta labarin don ta tausasa ni, a ƙa'ida wannan bai dace ba, maganar cikin gida ce. Idan kuma har tabarmar Baba ya kai kasuwa, to ina so in sani.

A huta lafiya.

Ƙaninki,
Uthman.

*

Toranke,
Lahadi, 17 ga Nuwamba.

Usumanu,

Salamu alaikum. Gyaɗa alhamdulillahi, ƙafa kuwa sai haƙuri, ta tsufa tare da mai ita. Ina gaida matarka Muslima da ta iya zama da kai.

Ban ba yarinya labarin komai ba. Tabarmar nan babu wanda bai san ta ba daga nan har Damagaram, kai kaɗai ne a ƙasar Kano ka ɗauka sirri ce. Amma ba wannan ya sa na bar susar gyaɗa na nemi biro ba. Takardar da ka aika wa Surayya ce. Na karanta ta, na sake karantawa, na ce inna lillahi, ashe rashin sani ya fi dare duhu. Yau shekaru nawa muna zaton abu ɗaya ka riƙe, ashe wani daban ne.

Ni ina filin firamare a ranar, ina ɓangaren mata da goyon ɗana Muntari. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, tunda takarda ba ta jin tsawa, ba kuma za ka tashi ka bar ta tana magana ba yadda kake yi mini.

Wasan na manoma biyu ne masu rigimar iyaka. Da Abdurra'uf ya fito da rawanin Baba yana dogara sanda, wallahi ko tari ba ka ji. Tsofaffin da ke kan benci suka miƙe tsaye ba su san sun miƙe ba. Inna Hanne maƙwabciyarmu ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Ni kaina sai da na gyara ɗankwalina. Babu mahalukin da ya yi wa Baba dariya, ko yaro.

Dariyar da ta tsallako maka katanga ta ɗaya daga cikin manoman ce. Mu'azu ɗan gidan Wanzam ne ya fito a shi, Abdurra'uf ya yi sati yana koya masa. Ga cije leɓe, ga ɗaga yatsa, ga hula an turo ta har gira, kuma ba ya buɗe baki sai ya ce "a ƙa'ida". Da aka aike su ɗauko tabarma, sai ya tsaya a ƙofa yana auna ta da taƙi, wai sai an tabbatar kowa rabi ya riƙe. Ka tuna wanda ya yi haka ranar gayauna? A nan fili ya rushe. Kai aka yi wa dariya, Usumanu. Ni ma na yi, har goyona ya farka.

Dattijon da ka tambaya bai yi maka ƙarya ba, rabin gaskiya ya ba ka. Wa zai kalli idon sabon limami ya ce da kai ake? Mu kuma duk mun ɗauka ka sani. Da Abdurra'uf ya zo ba ka haƙuri, a kan kwaikwayonka ya zo. Da ka ce ba kai ya yi wa ba, ya dawo wurina jiki a sanyaye ya ce, "Yaya ya yi fushin da ko laifin ba ya son ya amsa." Daga nan ka hana a ambaci sunansa. Shi yana jin kunyarka, kai kana kishin Baba, mu muna yi muku kara, aka wayi gari gemu ya yi fari.

Ka ce ya kai Baba kasuwa. To, ni in kewar Baba ta ishe ni, jikata nake sa wa ta kunna mini Malam Kabo. Baba bai bar hoto ba. Tafiyarsa, da yadda yake shafa gira kafin ya yi magana, da yadda yake zama a kan ƙafar hagu, duk a jikin Abdurra'uf suka rage. Na taɓa tambayarsa don me ba ya gajiya da fitowa a mutum ɗaya. Ya ce, "Yaya, in na daina zan manta shi." Kai ka gaji littattafai da zaure, shi ya gaji mutumin. Ban ce wani ya fi wani rabo ba.

Na ji haushinka, ba zan ɓoye ba, na kuma ji tausayinka. Shi dai ya tafi. Wadda ta rage yarinya ce da ake shirin ɗage wa aure saboda dariyar da aka yi tun ba a haife ta ba. Alhaji Bunu ya ce Juma'a mai zuwa yake son jin matsaya.

Gani ya kori ji. Ka nemi a nuna maka. Kunnenka ba zai hana ka komai ba, ido ya isa.

Na sa a ba Yusuf ƙuli-ƙuli ya kawo wa Muslima, ba naka ba ne, haƙoranka ba za su iya ba.

Yayarka,
Haulatu.

*

Gaya,
Alhamis, 21 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Haulatu.

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso, Muslima tana godiya.

Na aika an kira mini Mu'azu, yana nan da ransa yana sayar da taki a bakin kasuwa. Ya zo yana ta sunne kai kamar wanda aka kama da akuyar sata. Ya tabbatar da maganarki. Na ce ya yi mini yadda ya yi a ranar, ya ƙi, na matsa, ya yi. Muslima tana bayan labule, sai da ta nemi wurin zama. Ni ban ga abin dariya ba, amma hular haka nake sa ta.

Fim kuma ban sha wahalar nema ba. Ashe yana cikin wayar Muslima, ita da 'ya'yana sun daɗe suna kallo a cikin gidan nan. Wannan magana ce ta wata rana. Na kalla, ban ji abin da ake faɗa ba. Na sa ta tsayar da shi a inda yake shafa gira. Na daɗe a wurin. Bai kuskure komai ba sai tsawo, Baba bai kai shi tsawo ba.

A ƙa'ida, tunda ni aka yi wa, haƙƙina ne, kuma ina da ikon yafewa. Na yafe. Da ya san abin da nake nufi, ko ni na san abin da yake nufi, da tun a durƙuson nan an gama. Abin yana yi mini ciwo, Yaya, ban san inda zan kai shi ba.

Kaffarar rantsuwa na fitar da ita jiya. Na rubuta wa Alhaji Bunu, Yusuf zai kai masa kafin masallaci gobe.

Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Uthman.

*

Gaya,
Laraba, 27 ga Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Surayya.

Assalamu alaikum. Rana tana nan yadda mahaifinki ya sa ta. Ki gode wa abokan aikinsa, ki ce su zo su yi shaida.

Zan iso Juma'a bayan la'asar, a gidan zan kwana. Zan taho da tabarma daga zauren Baba. A mota a naɗe za ta zo, amma a ƙofar gida zan warware ta. Ki fito ki kama ɗaya gefen, mu shiga da ita.

Wassalam.

Baffanki,
Uthman.